Dangin Mai Tafki Ba Sa Sayen Tikiti

Wani ne daga ƙasar Haɗeja. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma har yau in ya ji ana ba da labarin nan zuwa yake ya zauna ya ƙaro inda aka rage.

Ubansa shi ne Sarkin Ruwan ƙauyensu. Yana da tafki guda babba, tun na kakanni. Da shi ake ci, da shi ake sha, da shi ake biya wa yara makaranta. Duk wanda zai jefa ƙugiya a ciki sai ya biya, sai fa in jinin gidan ne. Mutumin naku shi ne babban ɗa, shi kowa ke sa ran zai gaji tafkin. Sai dai Allah ya yi shi da wani irin wayo, irin wanda mai shi zai yi tafiyar yini a ƙasa don kada ya biya kuɗin mota, ya dawo ya sayi sabon takalmi da man zafi.

A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, tsohon ya tattara kuɗin tafki na shekara biyu, ya kira shi.

"Ga shi. Ka je ka sayo koma da birgi da ƙugiyoyi, da injin jirgi guda biyu. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Kada ka yi wayo."

"Haba, Baba."

"Na ce kada ka yi wayo. In ka dawo mini da labari maimakon kaya, wallahi Ma'azu zan ba tafkin."

Ma'azu ƙanensa ne. Ba ya magana sai an tambaye shi, shi ya sa komai na gidan a hankali yake gangarowa hannunsa.

To, ya sauka Guangzhou, ya kama ɗaki a unguwar Xiaobei. Aka haɗa shi da Tankari, wani mutumin Ƙonni mai aika wa mutane kaya gida. Shekararsa goma sha ɗaya a garin, Sinanci a bakinsa har da na faɗa. Kwana uku da zuwa Tankari ya ɗauke shi suka fita bayan gari, wani ƙauye inda ake saƙa koma. Sun ga kaya, sun yi ciniki, saura kawai a dawo gobe a biya. Da an dawo goben nan da ba ni da labarin da zan ba ku.

Suna fitowa sai ga tafki. Ruwa kore shar, kifi na tsalle yana faɗawa. Sinawa sun jeru a baki, kowa da 'yar kujerarsa da sandar fatsa. Mutumin naku ya tsaya cak. Dama ba ya rabuwa da ƙugiya da zare a aljihu, ko masallaci da su yake zuwa. Ya zaro, ya nufi ruwa.

Sai ga wata tsohuwa ta leƙo ta tagar wani ɗan ɗaki, da gorar shayi a hannu.

"Lawban! Tikiti!"

"Me ta ce?"

Tankari ya ce, "Ta ce maigida, ka sayi tikiti. Yuwan ashirin, ka wuni kana kamu."

"Ni?"

"Kai hwa."

"Ni ɗan Sarkin Ruwa? In biya kuɗi in kama kifi? Tankari, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba."

Tsohuwa ta kaɗa yatsa. "Meyo tikiti, meyo kifi."

Wannan ko shi ya gane, don duk wanda ya kwana uku a Guangzhou ya san meyo na nufin babu.

Tankari ya laluba aljihu. "Bon, to, bari in biya maka. Ko kuɗin faranti biyu na shinkafa bai kai ba."

"Mai da kuɗinka. Ba kuɗin ba ne, asali ne. Wancan allon me ya ce?"

Akwai allo a jikin ɗakin. Tankari ya karanta masa: dokar ƙauye ce, baƙo yuwan ashirin, kuɗin ya shiga asusun gari a sayo 'ya'yan kifi a zuba. Mai tafki da danginsa ba sa biya. Akwai wani ƙaramin rubutu a ƙasa, amma tsohuwar ta shanya tawul a kansa, babu wanda ya damu ya ɗaga.

Mutumin naku ya yi murmushi, irin murmushin da ubansa ya hana shi.

"Ina mai tafkin?"

Mai tafkin na zaune ƙarƙashin bishiya, da singileti da mafici. Tsoho Liyang ake ce masa. Mutumin naku ya je ya durƙusa har ƙasa, ya ce wa Tankari, "Faɗa masa ina so in zama ɗan'uwansa."

"Ka yi hauka ne?"

"Faɗa masa dai."

Tankari ya faɗa, yana jiran a kore su da tsintsiya. Ai kuwa tsohon nan sai ya ajiye mafici. Ya tashi, ya zagaya mutumin naku sau biyu, ya mammatsa damatsensa kamar mai sayen ragon layya. Ya tambaya ko ya iya tuƙin jirgi.

"Tuƙi? Ce masa a cikin kwalekwale aka yanke mini cibiya."

Sai tsoho ya fashe da kuka. Ashe 'ya ɗaya Allah ya ba shi, ta yi aure ta bar ƙasar. Kowane gida a ƙauyen yana da mazauni guda a jirgin tseren dangi, nasa shekara shida ba kowa a kai, har an fara yi masa habaici a wurin shan shayi. Ya ce ba ɗan'uwa ba, ɗa yake so.

Mutumin naku ya juyo ya kashe wa Tankari ido. "Ka gani? Ko ciniki ba a yi ba."

Washegari, maimakon wajen masu koma, zauren dangi aka nufa. Dattawa sun cika, an fito da wani littafi da sai mutum biyu ke ɗauka. Aka ba shi kofin shayi ya durƙusa ya miƙa wa tsoho. Mai rubutu ya gyara tabarau, ya ce sai an rubuta asalinsa: wane ne ubansa na can, ina yake, me ya mallaka.

Nan fa baki ya buɗe. Ya faɗi sunan ubansa da na ƙauyensu, har da kwatance: in ka wuce gidan mai na biyu ka yi hagu. Ya ce tafkin ubansa in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan. Ya ce akwai giwan ruwa a ciki da ta girmi Tankari.

Tsoho Liyang ya gyaɗa kai, ya yi magana. Tankari ya fassara: "Ya ce ke nan ubanka ɗan'uwansa ne."

"Ƙwarai."

"Ya ce ruwansu ruwanku ne, ruwanku ruwansu."

"Ai ba sai an faɗa ba."

Aka rubuta. Aka kawo jan tawada ya dangwala yatsa. Wani ɗan ƙanen tsohon ya ɗauki shafin a hoto, ya ce zai aika wa 'yan'uwa da ke aiki a ƙasashen waje su ma su yi murna.

Tankari ya ja shi gefe. "Ka san mi ka dangwala wa hannu kuwa?"

"Kifi kyauta."

Kafin a tashi aka yi rabo. Al'adarsu ce, duk ɗa namiji na dangi yana da kaso. Aka miƙo masa nasa a naɗe cikin jar takarda, da nauyi, da ɗumi. Ya buɗe. Cinyar alade ce guda, gasasshiya.

"A'uzu billahi! Tankari, karɓi!"

"Ni ba ɗan gidan ba ne. Kuma in ka ajiye a ƙasa ka zagi kakanninka."

"Waɗanne kakannin?"

Tankari ya nuna masa hotunan da ke jere a bango.

Ya tsaya da abu a hannu, ya miƙar da shi nesa da rigarsa, gumi na zuba. Da ya rasa yadda zai yi sai ya je ya ɗora wa Tsoho Liyang a cinya. Sai tsoho ya sake fashewa da kuka, dattawa suka hau tafi. Wai shekara hamsin ba a ga ɗa mai biyayya irin wannan ba, wanda ya hana cikinsa ya ba uba.

Da aka watse ya zaro ƙugiyarsa ya nufi tafki, yana tafe yana kallon tsohuwa mai tikiti ƙasa ƙasa. Bai kai ruwa ba aka miƙo masa bokiti.

"Na kifi ne? Allah sarki, sheshe, na gode."

Tankari ya ce, "Na laka ne."

Wai mutanen nan jirgin tserensu ba a ajiye shi a tudu. In an gama wasa sai su binne shi cikin taɓon gindin ruwa don kada katakon ya tsage, sai wata shekara 'ya'yan dangi su tono shi. Jirgi ne mai kan dodo, tsawonsa ya yi tirela biyu. Kwana uku mutumin naku yana cikin laka har ƙirji yana kwasa. A nan takalminsa na dama ya tafi bai dawo ba. Tarwaɗa na gogar ƙafarsa, wata har ta shiga wandonsa. Ya cafke ta, ya ɗaga sama yana kabbara.

Tsohuwa ta leƙo ta taga. "Meyo!"

"Ce mata ni ɗan gida ne!"

Tankari ya ce, "Ta sani. Ta ce ɗan gida ba ya kamu sai an gama tsere. Baƙi kaɗai ke kamu yanzu."

Ya saki tarwaɗar. Ta yi iyo ta tafi kai tsaye ta haɗiye ƙugiyar wani mai tikiti.

Daga nan aka shiga koyon tuƙi, sati uku, safe da yamma, ga mai ganga a tsakiyar jirgi yana yi musu tsawa. In ba tuƙi ake ba to ziyara ake. Yau wata gwaggo ta haihu, gobe wani kawu ya sayi gida, jibi ɗiyar wani ta ci jarrabawa. Ko'ina aka je sai ɗan Tsoho Liyang ya ba da jar ambulan da kuɗi a ciki, don babban ɗa ba ya zuwa hannu rabbana. Daga ina kuɗin ke fita? Kun sani. Injin jirgi guda ɗaya a ambulan ya ƙare.

Masu koma suka yi ta bugo wa Tankari waya. Tankari ya ce, "Malam, mu je mu biya kayan nan tun da sauran kuɗi."

"Bari in kama ko ɗaya ne tukuna. Na riga na sha wahalar."

Ranar tsere aka sa masa jar singileti, aka ba shi filafilin tuƙi, aka zaunar da shi a dama. Aka buga ganga. Mutumin naku ya tuna Haɗeja. Ya miƙe tsaye, ya yi bisimilla, ya fara zuba tuƙi irin na mai gudun dorina. Na hagu su talatin suka kasa biyo shi. Jirgi ya karkace, ya yi kwana a tsakiyar kogi, ya dawo da gudu ya tsallake layin da aka tashi. Su suka fara tsallake layi a ranar, ba a dai ba su kofi ba. Tsoho Liyang ko a jikinsa, yana bakin ruwa yana nuna wa mutane: wancan da ya juyar da jirgin, ɗana ne.

To, an gama tsere, an ce ranar Lahadi dangi za su iya kamu. Da mutumin naku ya yi shiru da bakinsa da ya ci kifinsa. Ina! Ranar Juma'a bayan masallaci ya shiga gidan abincin Hajiya Balki a Xiaobei, inda ake samun tuwo da miyar kuka, wuri cike da 'yan kasuwa. Ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Hajiya, nawa kike sayen kifi a garin nan?"

Ta faɗa.

"Kai, ana cutar ku. Mu dai a tafkin gidanmu kyauta muke ɗiba."

Wani Bakano ya ajiye cokali. "Wane gidan naku?"

"Gidan babana, Alhaji Liyang."

Ko Makka tsohon bai san inda take ba, amma ya ba shi Alhaji. Ya kwashe labari ya faɗa, ya ƙara gishiri. Bakanon ya matso da kujera.

"To ai ni da kai ba ma haka. Kakata 'yar Haɗeja ce."

"Ashe ɗan'uwa ne!"

"Ni kuma matata ta taɓa zama a Gumel," in ji wani.

"Ai gida ɗaya ne."

Kun san mu. In aka fara lissafin zumunci ba a tashi sai an haɗa kowa da kowa. Ranar Lahadi bas guda aka yi haya, waɗanda ba su samu wuri ba suka biyo a tasi. Mutum arba'in da uku. Tankari ya biyo su, ya ce shi kallo ya zo.

Tsohuwa mai tikiti ta ga bas, ta yi murna, ta fito da sabon bandir na tikiti. Mutumin naku ya tsaya a taga ya ce dangi ne. Ta ce a shigo ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi dangantakar, ya dangwala hannu a kan kowane.

"Wannan?"

"Ƙanena ne."

"Uwa ɗaya?"

"Unguwa ɗaya."

"Wannan fa?"

"Yayana ne. Wanzami ɗaya ya yi mana kaciya."

Tankari ya tsaya. "Wannan ban san yadda ake hwaɗinta da Sinanci ba."

"Ce mata jini ɗaya."

Aka zo kan wani dogo mutumin Kumasi, wanda Hausarsa ma sai an kasa kunne.

"Wannan kuma?"

"Jirgi ɗaya ya kawo mu. Har ya ba ni burodinsa."

Tsohuwa ta ajiye biro ta tafi ta kira Tsoho Liyang, don ya zo ya ga abin da ɗansa ke yi. Tsoho ya zo, ya dubi layi, ya ƙirga. Mutumin da shekara da shekaru ba shi da ɗa namiji ko ɗaya, yau ga arba'in da huɗu. Ya bi su yana mammatsa damatse, yana cewa baɗi jirgi guda za su cika su kaɗai. Ya ce a bar su duka su shiga.

Direban tasin da ya kawo na ƙarshe, Basine, yana tsaye yana kallo. Ya matso ya dafa kafaɗar mutumin naku, ya nuna kansa.

Tankari ya ce, "Wai shi ma yana so."

"Haba, mutumin da ya kawo 'yan'uwana lafiya? Ɗan'uwa ne."

Masu fatsa na bakin ruwa da suka ga haka, suka mai da tikitinsu suka shiga layi.

Su Sinawa in sun ce kamu, sanda ɗaya suke nufi da ƙugiya ɗaya, mutum ya wuni ya kama biyu ya mai da ɗaya. Namu kuwa da shiri suka zo. Wannan ya buɗe jaka ya fito da birgi, wancan homa. Wani Bayawuri da ya sayi samfurin taru zai aika gida ya ce bari ya gwada ko yana da kyau. Aka tuɓe riguna, aka shiga ruwa, wani ya ɗauki waƙa. Hajiya Balki ta aiko da kuloli shida. Kafin la'asar an ja taru sau uku, na ukun kwaɗi biyu ya fito da su da wani kunkuru.

Duk wannan abin mutumin naku yana taga yana dangwale. Sai da yatsansa ya yi jawur ya kumbura sannan layi ya ƙare. Ya zo bakin ruwa, bas har ta tashi. Ya zauna, ya sa tana a ƙugiya, ya jefa. Ya jira. Can zare ya yi nauyi. Ya miƙe, ya ja, ya ja, yana kiran Tankari ya zo ya shaida. Takalminsa ne na dama.

Bayan wata guda aka aiko kiransa zauren dangi. Ya sa babbar riga, yana zaton wani rabon ne, har ya tanadi leda don kada abin ya taɓa hannunsa. Ya tarar da dattawa sun haɗe rai, tsohuwa mai tikiti na gaba da na'urar lissafi. Ta yi bayani, Tankari na fassarawa. Tafki ba kifi. Baƙi sun daina zuwa. Waɗanda ke zuwa kuma duk sun zama dangi, har wani mai sayar da kankana ya kawo surukansa, wai ɗan Tsoho Liyang ya taɓa ce masa ɗan'uwa. Asusun gari a wata guda yuwan arba'in ya samu, shi ma wasu 'yan yawon buɗe ido ne suka biya bisa kuskure.

Mutumin naku ya girgiza kai. "Allah ya kyauta. Gaskiya a yi wa dokar nan gyara."

Sai tsohuwa ta aika aka ciro allon. Ta yaye tawul ɗin. Tankari ya sunkuya ya karanta ƙaramin rubutun, ya ɗago ya dube shi da tausayi.

"In kuɗin tikiti ya kasa, dangin da ba sa biya su za su cika. In kifi ya ƙare, su za su zuba."

"To ai da sauƙi. Mu arba'in da huɗu ne, a raba."

Ya koma Xiaobei neman 'yan'uwa. Lokacin kuwa wasannin Olamfik sun matso, an tsaurara biza, ba a ƙara wa kowa kwana. Bakano ya tafi. Bayawuri ya tafi da tarunsa. Wanda matarsa ta taɓa zama a Gumel ya ce sun rabu tun bara. Ya samu dogon Kumasi a bakin gada yana jan akwati.

"Ɗan'uwa!"

"Massa, ni ban san ka ba."

"Kai da ka ba ni burodi a jirgi?"

"Ba na ci ne, ya bushe."

Ya dawo zaure shi kaɗai. Aka buɗe takardu, ko'ina yatsansa ne. Ya ce to shi ya fasa, a cire shi daga littafin. Mai rubutu ya cire tabarau ya ce littafin nan shekara ɗari huɗu ana shiga, ba a taɓa fita ba, ko an mutu sai dai a ƙara kwanan wata. Tsoho Liyang ya rungume shi ya ce kada ya damu, shi uba ne, zai taimaka. Ya kawo masa lemo guda biyu.

Ya biya. Kuɗin koma ya tafi, na birgi ya tafi, injin na biyu ya bi na farko. Abin da ya rage ya sayi fakitin ƙugiya guda, ƙanana. Aka kawo 'ya'yan kifi a mota aka zuba a gabansa, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Aka ce sai baɗi za a fara kamu.

A hanyar komawa Tankari ya kasa daurewa.

"Ka san da tikiti ka saya, kuɗin nan ya ishe ka kamu kullum har shekara goma sha ɗaya?"

"A matsayin baƙo," in ji mutumin naku.

Saura kwana huɗu bizarsa ta ƙare. Yana zaune da rana a gidan abincin Hajiya Balki, ana nuna tseren jiragen Olamfik a talabijin, yana gaya wa mutane ba su iya riƙe filafili ba. A ransa kuwa yana ta shirya labarin da zai kai gida. Ya yanke shawarar zai ce kwantena ta faɗa teku. Sai waya ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Salamu alaikum, Baba. Baba, wato kwantenar nan..."

"Rufe mini baki. Kai, yaushe na haifi Sinawa?"

"Na'am?"

"Ga su nan mota biyu a bakin tafki tun shekaranjiya. Masu aikin titin nan ne. Sun wuce gidan mai na biyu sun yi hagu. Sun zo da takarda da hoton yatsa, babbansu ya durƙusa ya ba ni shayi, wai ni baffansa ne!"

"Allah sarki. Ai 'ya'yan ƙanen Alhaji Liyang ne. Baba, mutanen kirki ne."

"Na ce su biya, sun ce dangi ba sa biya!"

"Gaskiyarsu, haka dokar take."

"Sun ce ka ce akwai giwan ruwa da ta girmi mutum. Sun nema ba su gani ba, sun kawo injin zuƙar ruwa. Ruwan ma sun ce na dangi ne, suna ɗiba a tanka suna yayyafa wa titi!"

"Baba, kwantar da hankalinka. Akwai ƙaramin rubutu a ƙasa, in kifi ya ƙare su za su zuba. Ka dai sa su dangwala hannu."

Hajiya Balki ta rage talabijin.

"Ina komata?"

"Baba, na samo ƙugiyoyi masu kyau."

"Ina injina?"

"Wato, an yi haihuwa da yawa a dangi."

Aka ji tsohon ya ja numfashi tun daga Haɗeja.

"To ka saurara. Yau da safe na tara dattawa, liman ya shaida. Abin da ya rage na tafkin nan na ba Ma'azu, halak malak. Ko cokali ɗaya na ruwan ba ka da shi."

Mutumin naku ya yi tsaye da waya a kunne. Tankari ya kawar da kai, don abin ya ba shi tausayi. Sai aka ga fuskar mutumin tana washewa a hankali.

"Baba, Ma'azu dai? Ma'azu ƙanena?"

"Shi."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Da akwai wani ne?"

"Alhamdu lillahi! To ai ni dangin mai tafki ne, ba zan sayi tikiti ba."